Ranar da Muka Zuba Wayoyi a Daro

A zumuntar matan majami'armu ta Samaru ba a yin addu'a a dunƙule. Idan za a roƙa wa mutum, sai an faɗi sunansa da unguwarsu da abin da ke damunsa, har da gefen da ciwon yake, hagu ko dama. Haka na taso na tarar tun ina riƙe wa mahaifiyarmu jaka zuwa taron ranar Alhamis. Uwar zumuntarmu, wadda kowa ke kira Mama, ta fi kowa riƙo da wannan al'ada. Takan ce idan ba a ambaci suna ba, baki ne kawai ke motsi, zuciya tana gida wajen tukunyar miya. Kuma ba don tsegumi take yi ba. Matar nan in ta ji kina kwance, kafin ki juya ta iso da kunu a fulas.

Da wayoyi suka shigo hannun kowa, al'adar ta bi mu cikin waya. Aka buɗe mana shafi a dandalin sada zumunta, aka bar shi kowa na iya gani, wai don 'ya'yanmu da ke Legas da Abuja su riƙa ganin iyayensu cikin anko. Mama ce ke riƙe da shafin a wayarta. Duk gidan da aka je gaisuwa, ta haihuwa ko ta rashin lafiya, sai an jeru a bakin ƙofa an ɗauki hoto, a ɗora da bayanin abin da ake roƙo a ƙasa. Daga nan sai Amin ta yi ta zuba. Wasu ma sun ɗauka tura roƙon addu'a gaba wani aikin albarka ne, ko ba su san mai ciwon ba sai sun tura. Ni malamar firamare ce, kuma Allah bai rage ni da baki ba. Na sha faɗa musu cewa shafin nan ƙofarsa a hangame take. Sai su yi dariya su ce Malama ta fara, me muke da shi da wani zai sata.

Ƙanwata ita ce autarmu. Kitso ne sana'arta, kuma hannunta yana da kyau. Ta auri wani mai walda a Chikaji, suka haifi 'ya ɗaya, wadda a lokacin ba ta wuce shekara uku ba. Ba zan tsaya faɗin abin da ya riƙa yi mata ba. Abin da zan faɗa shi ne, wata Asabar da rana tsaka ta shigo gidana da yarinyar a kafaɗa ɗaya, hannunta na hagu yana lilo, a karye. Mijin kuma ya faɗa mata a gaban maƙwabta cewa duk ramin da ta shiga sai ya ɗauke 'yarsa ya kai ta garinsu, ba za ta ƙara sa ta a ido ba. Mun san zai aikata. Garin nasu yana da nisa, kuma ba mu da kowa a can.

Muka je asibiti aka ɗaure hannun, muka kai ƙara, wata lauya ta karɓi maganar, aka sa ranar shiga kotu nan da 'yan makonni. Lauyar ta ja mana kunne da abu ɗaya. Ta ce kafin ranar nan kada ya san inda suke, domin in ya ɗauke yarinyar kafin alƙali ya yi magana, dawo da ita sai an sha wuya, in ma ta dawo.

Gidana ya sani, ya sha cin tuwo a ciki. Don haka na nufi Bomo, wajen wani dattijo manomi da nake sayen masara a hannunsa duk kaka. Baba muke ce masa, Musulmi ne, mutumin kirki, marar yawan magana. Ya gina ɗakuna a jikin katangar gidansa yana ba ɗaliban jami'a haya, duk ƙofofin ya shafa musu shuɗin fenti. Lungun baki ɗaya gare shi, mota ba ta shiga, a bakinsa kuma akwai injin niƙa. Na gaya masa gaskiya. Ya saurara, ya ce in kawo su, ɗakin ƙarshe babu kowa.

Ranar da muka sauke kaya na zaunar da ƙanwata a bakin katifa na karɓi wayarta. Muka cire layin da mijin ya sani muka sa sabo. Muka kashe abin nan da ke nuna inda mutum yake. Muka canza lambar sirrin shafinta, don ashe shi ne ya buɗe mata tun farko, yana shiga yana fita yadda ya ga dama. Muka bi abokanta na shafi muna cire danginsa da abokan aikinsa, har da matar da ke sayar musu da abinci a bakin shago. Da muka iso kan hotunan kitso sai ta fashe da kuka. Shekara da shekaru tana tara su, da su masu son kitso ke nemo ta. Na ce ba gogewa za mu yi ba, rufewa za mu yi, ita kaɗai ke gani.

Ta ce, "Yaya, ke nan na mutu ban sani ba."

Na ce ta daure ta mutu na 'yan makonni, ai mu mun yarda da tashi daga matattu. Ta yi dariya da hawaye a fuska. Na leƙa wajen ɗaliban da ke maƙwabtaka da ita na roƙe su kada wanda ya ɗauki yarinyar hoto, komai kyan wasan da ta yi. Suka ce ba damuwa, kuma sun riƙe amana.

Saura abu ɗaya. Mace mai hannu ɗaya ba ta iya girki ba ta iya yi wa yarinya wanka, ni kuma ina makaranta har azahar. Dole na nemi taimako, kuma ba wadda ta fi cancanta kamar Mama. Da mahaifiyarmu ta rasu, ita ce ta tsaya a matsayin uwa ranar auren ƙanwata. Na same ta a gida na faɗa mata komai. Ta yi kuka, ta ce ko fasto ba zai ji daga bakinta ba, sai dai mata uku da za su riƙa karɓa-karɓa da ita wajen kai abinci. Na yarda. Kusan mako biyu abin yana tafiya daidai, ƙanwata har ta fara yin ƙiba a kumatu.

Wata Laraba, lokacin tara, yara sun fita wasa, na zauna da ƙosai a takarda na buɗe waya. Abin da ya fara zuwa idona hoton mata huɗu ne cikin anko, sun jeru a gaban shuɗiyar ƙofa, kowace da murmushi. A gefen hoton ga allon injin niƙa ana karanta shi tsaf. A ƙasa Mama ta rubuta cikakken sunan ƙanwata, ta ce sun ziyarce ta a Bomo inda take ɓoye ita da 'yarta. Ta ƙara da cewa a taya su da addu'a kada mijinta ya gano inda suke, duk wadda ta gani kuma ta tura gaba.

Na karanta, na sake karantawa. Tun jiya da yamma aka ɗora, Amin ta cika ƙasan hoton, an tura shi wurare da dama. Na yi ta ja da yatsa ina duba masu Amin, ina roƙon Allah kada in ga abin da nake tsoro. Sai ga shi. Ƙanwar mijin, da hotonta da komai, ta rubuta Amin har da alamar hannuwa biyu a haɗe.

Na kira ƙanwata na ce ta ɗauki yarinyar ta shige cikin gida wajen matar Baba yanzu, kada ta tsaya ɗaukar ko takalmi. Na kira Mama, wayarta a kashe. Ba mai iya cire abin nan sai ita. Na bar wa abokiyar aikina ajina, na tare keke a bakin titi na ce Sabon Gari, kasuwa. Daga Samaru har muka isa, maganganu nake shiryawa a raina, masu zafi, irin waɗanda in na faɗa sai an kira dattawa sulhu. Wata mata da ke kusa da ni ta tambaye ni ko lafiya, don ashe bakina yana motsi.

Mama kayan miya take sayarwa, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono. Na same ta tana auna wa wata kuka, wayar kuma tana wajen mai caji tun safe. Duk da wutar da ke cina, sai da na durƙusa. Ina kwana, Mama. Ya kasuwa. Ya gwiwa. Ta amsa ɗaya bayan ɗaya ba ta gaggawa, har da tambayar yaran makaranta. Ban taɓa jin gaisuwa ta yi mini tsawo kamar ta ranar ba.

Na ce, "Mama, me kuka ɗora a shafi jiya?"

Fuskarta ta yi haske. "Kin gani ko? Kin ga yawan Amin? Wannan mutumin ba zai taɓa ganin su ba."

"Mama, kun rubuta sunanta. Kun rubuta Bomo."

"To ta yaya za a yi addu'a ba suna? Ai roƙo na yi kada ya sani, ban ce a faɗa masa ba."

"Wa kuke gani yake karanta shafin nan?"

"'Yan zumunta mana. Shi namiji me zai kai shi shafin mata? Kin taɓa ganin namiji ya shigo mana taron Alhamis?"

Nan na gane. A wurin Mama shafin nan ɗakin taronmu ne, wanda in an rufe ƙofa ko fasto sai ya yi sallama daga waje. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa duk mai waya a duniya yana tsaye a tagar ɗakin ba. Maganganun da na shiryo a keke suka watse. Na miƙa mata wayata kawai, na nuna mata Amin ɗin da na gani. Ta kawo ta kusa da ido, ta nisanta, ta sake kawowa. Ta san fuskar ƙanwar mijin, wadda ta riƙe wa amarya jaka ranar biki.

Mama ta zauna a kan kujerarta, mudun yana hannunta. Ta ce, "Na kashe 'yata da hannuna."

Na ce ba a mutu ba tukuna, a kawo waya. Aka karɓo ta daga wajen mai caji, na nuna mata inda za ta danna, ta goge da kanta. Muka bi waɗanda suka tura gaba muna roƙon su cire. Wasu suka cire, wasu ba su ma ɗauki waya ba. Muna cikin haka Baba mai gida ya kira ni. Ya ce maza uku sun zo a kan mashin, suna zaune wajen injin niƙa, suna tambayar yara ko sun ga wata mace mai ɗaurarren hannu. Ya ce ya shimfiɗa tabarmarsa a zaure, ba namijin da zai wuce shi ya shiga wajen iyalinsa. Amma ba zai iya hana mutum zama a bakin hanya ba, kuma ya ga ɗayansu yana ta kiran waya, da alama wasu yake gayyatowa.

Na kira lauya. Tana kotu a Kaduna. Ta ce za ta nemi a turo jami'ai, amma in da hali a fitar da su daga lungun tun rana ba ta faɗi ba. Ta ina? Hanya ɗaya ce, kuma mijin da mutanensa suna zaune a bakinta. Na tsaya tsakanin buhunan barkono ina kuka, rabi tsoro rabi haushi, ina atishawa a kai.

Mama ta miƙe ta kwance zaninta ta sake ɗaurawa tamau. Ta ce, "Share hawayenki. Ni na ɓata, ni zan gyara." Ta ɗauki waya ta nufi shafi za ta yi sanarwa. Na riƙe hannunta, abin da ban taɓa yi ba.

"Mama, ba a shafi ba."

Ta dube ni, ta gyaɗa kai. Sai ta fara kira ɗaya bayan ɗaya, magana iri ɗaya take faɗa wa kowace. Ki sa anko, ki ɗauko abin kiɗanki, in kina da ƙaramin yaro ko jika ki goyo shi, ki same ni a majami'a, kada ki tambaye ni. Ta bar wa maƙwabciyarta rumfa muka koma Samaru. Na biya gida na buɗe akwati na ɗauko ankon mahaifiyarmu, wanda tun da ta rasu ban bari kowa ya taɓa ba.

Kafin la'asar mata sun fi talatin a ɗakin taro. Wasu da garin tuwo a hannu, wasu daga ofis. Mama ta sa aka rufe ƙofa, ta aika aka ɗauko daron da muke wanke kwanuka ranar biki, ta ajiye shi a tsakiya. Ta zaro wayarta ta kashe ta, ta fara sa ta a ciki.

Ta ce, "Kowa ta kawo tata."

Wata da ba ta iya cin abinci sai ta ɗauke shi hoto ta ce, "Mama, to wa zai ɗauke mu hoto?"

Mama ta yi mata kallo ɗaya. Matar ta taso ta ajiye waya a hankali kamar ƙwai. Sauran suka biyo, daro ya cika, aka rufe da faranti aka kai ɗakin matar fasto. Tawa kaɗai aka bari saboda lauya, wai ni ce ba na ɗora komai sai faɗa. Sannan Mama ta ce, "Wata 'yarmu za mu je ɗaukowa, ita da 'yarta." Tun da nake, ranar na fara jin ta yi maganar mutum ba ta kama suna ba. Duk sun ga hoton jiya, duk sun san wace ce, amma ba wadda ta buɗe baki.

Muka cika bas ɗin da ke kai mu jana'iza da taro, ya sauke mu a bakin titin Bomo. Muka jeru bibbiyu, masu tulun kiɗa suka fara bugawa, masu kacau-kacau suka karɓa, aka ɗauki waƙa. Farar riga iri ɗaya, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, kowace da zane na biyu a kafaɗa. Goyo kuwa ya kai goma, duk an lulluɓe su saboda rana. Na hango mijin tun daga nesa, zaune a kan mashin kusa da injin niƙa, yana jujjuya makulli a yatsa. Da ya gan ni ya miƙe. Na ɗauke kai na ci gaba da waƙa, ko da yake abin da ke raina ba na waƙa ba ne. Muka wuce su muka shige lungu. Baba ya janye ƙafarsa daga ƙofar zaure, muka shiga gida.

Ƙanwata tana ɗakin matar Baba, ta ƙanƙame yarinyar a lungun gado. Da ta ga Mama sai ta juya fuska. Mama ta durƙusa a gabanta da gwiwar nan mai ciwo, ta ce, "'Yata, ki yafe mini, amma ba yanzu ba, ba mu da lokaci. Tashi ki sa kaya." Na warware ankon. Ƙanwata ta gane shi tun kafin in yi magana, ta kai shi hanci ta shinshina. Muka sa mata riga da dabara saboda hannun, muka ja ɗankwali har gira, zane na biyu ya rufe ɗaurin. Aka ɗora mata tulu a kafaɗar dama, gefen da mijin zai kasance idan mun fito, ta riƙe da hannunta mai lafiya, ya kare fuskarta.

Saura yarinyar. Mata da yawa suka miƙo hannu. Mama ta ce ba wadda za ta goya ta sai ita. Aka ce gwiwarku fa, Mama. Ta ce gwiwar ta jira. Ta juya baya aka ɗora mata, ta ɗaure da majanyi, aka lulluɓe. Matar Baba ta tura wa yarinyar alewa a baki ta ce Allah ya kai ku lafiya. Kayansu duka muka bari a ɗaki.

Muka fito da kiɗa fiye da yadda muka shiga. Ƙanwata tana tsakiya, Mama a gaba, ni ina bayanta dab, idona a kan goyon. Ɗalibai suka fito ƙofa suna kallo, yaran unguwa suka biyo mu suna rawa. Da muka kusa injin niƙa, ya shigo tsakiyar hanya ya tsaya. Abokansa biyu suna daga gefe suna leƙen fuskoki. Ina ganin idonsa yana tsalle daga wannan ɗankwali zuwa wancan, daga wannan goyo zuwa wancan, ya rasa inda zai tsaya.

Sai ya ɗaga murya ya kira sunan yarinyar.

Na ga goyon Mama ya motsa. Na ɗora tafin hannuna a bayan yarinyar, na ji yadda ta dunƙule ta manne da Mama, ko numfashi ba ta yi da ƙarfi. Ba ta amsa ba. 'Yar shekara uku ta ji muryar ubanta ta yi lamo, wannan kaɗai ya ishe ni sanin abin da ta gani a gidan can. Matan da ke bayana suka ƙara wa tulu wuta, waƙa ta rufe komai.

Ya matso gaban Mama. Duk rashin kunyarsa, matar da ta miƙa masa amarya ce, ga mutane suna kallo. Ya ɗan rusuna.

"Mama, ina matata?"

Kowa a Samaru ya san Mama ba ta ƙarya, ko a ciniki. Ta dube shi sama da ƙasa, ba ta daina taka rawa ba, 'yarsa tana bayanta.

Ta ce, "Ɗana, ka je kotu ranar da aka sa muku, za ka gan ta. Yanzu ba ni hanya, sujada muke yi."

Hannunsa bai isa ya ɗaga zanen da ke bayan tsohuwa ba, a gaban mai injin niƙa da ɗalibai da Baba da ya taso daga tabarma ya tsaya da sandarsa. Ya matsa gefe. Muka wuce shi, layi bayan layi, tulu bayan tulu. Na waiwaya sau ɗaya don in ga ƙanwata, wallahi ni da muka fito ciki ɗaya ban iya ware ta ba. Shi kuwa ya koma kan mashin ya ci gaba da gadin lungu.

Muka shiga bas, Bomo ta ɓace a bayanmu. Mama ta kwance majanyi, yarinyar ta fito jiƙe da gumi, alewa ta ɓata mata kumatu, ta ce a sake waƙar. Nan wata ta rangaɗa guɗa, bas ya kaure. Direba ya ce mu yi a hankali kada mu kifar da shi. Ƙanwata ta ajiye tulu ta rungume 'yarta da hannu ɗaya tana kuka tana dariya, ni ma haka. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar aurena.

Inda muka kai su ba zan faɗa ba, ko yanzu da abin ya wuce. Matan nan talatin, waɗanda in akuya ta haihu a Jushi kafin yamma sun sanar da Samaru, sun riƙe bakinsu har ranar kotu. An tare wasu a kasuwa, an kira wasu a waya da baƙuwar lamba ana cewa daga asibiti ne. Amsa ɗaya suke bayarwa, a tambayi Mama. Mama kuma ta ce a tambayi Malama, ni kuwa ba mai son ya tambaye ni abu sau biyu.

Ranar kotu muka cika benci da anko. Takardar asibiti ta yi magana, maƙwabtan Chikaji biyu suka zo suka faɗi abin da suka ji da kunnensu. Aka bar yarinyar a hannun uwarta, aka kuma gindaya masa sharaɗin kada ya kusance su. Ya fita bai kalli kowa ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya daro yana bakin ƙofar ɗakin taro, kuma har yau a nan yake zama. An rufe shafin, sai wadda muka sani ke shiga. Ba a ɗora hoton kowa sai an tambaye ta, ba a ɗaukar hoto a ƙofar gidan mutum, roƙon addu'a kuma ba ya fita daga ɗakin da suna. Mama da kanta ta shimfiɗa dokokin, tana faɗa tana kallona, wai kada in ce ni na koya mata. Da aka zo addu'a ta ce a roƙa wa wata 'yar'uwa da za a yi wa aiki a asibiti. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Wace ce?" Mama ta ce, "Wanda za ki roƙa ya san ta." Daga nan ta juyo wajen ƙanwata, a gaban kowa, ta tambaye ta ko ta yarda a sanar a shafi cewa an yi nasara. Ƙanwata ta ce a rubuta Allah ya amsa, kada a ƙara komai. Haka aka rubuta.

Hannun ya warke, ta koma kitso. Ta sake buɗe shafinta, amma ƙeyar kai kawai take ɗauka, a jikin farin bango, kuma masu zuwa sun fi na da. Abu ɗaya ke damun Mama har gobe. Takan ce rana mafi girma a tarihin zumuntarmu, ga anko ga kiɗa ga mata sun cika, amma babu hoto ko ɗaya. Nakan ce mata ai shi ya sa yarinyar take nan.

Yarinyar tana makaranta yanzu, kada a tambaye ni wacce. Ta yi tsawo, ta yi nauyi, ba ta tuna injin niƙa ko mutumin da ya kira sunanta. Abin da ta riƙe shi ne an taɓa goya ta ana kiɗa. Duk Lahadi in an tashi sujada sai ta ruga ta kama zanen Mama ta baya. Mama ta yi ta faɗa, ta ce ita tsohuwa ce, gwiwarta ba za ta ɗauka ba, a zo a raba ta da wannan ƙatuwar. Sannan ta miƙa mini jakarta ta durƙusa.